Fiffiken Ƙudan Fatsa Mai Nutso: Yadda Gashin Tsuntsu Ke Zaɓa wa Maɗauri Dabara

A wajenmu bayanin fatsa ba ya da tsawo: sanda, zare, ƙugiya, tana ko ɗan ƙullin tuwo, sai haƙuri. A kogunan sanyi na Birtaniya da Ailan da arewacin Amurka kuwa, akwai masu kamun kifin da ba sa soka wa ƙugiya komai mai rai ko mai ƙamshi. Zare suke naɗa mata, su haɗa da ɗan ulu da gashin tsuntsu, har ta ɗauki siffar ƙwaro, sannan su wurga ta cikin ruwa kifi ya ruɗu ya cafka. Kifin da aka fi nema da wannan dabara shi ne tirawut, mai son ruwan sanyi mai gudu, wanda yawancin abincinsa ƙwarin da ke ƙyanƙyashewa a cikin kogi ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin tafki da farkon damina ya ga yadda kifi ke ɓulɓulowa yana wawurar ginar da ta faɗa ruwa, ya riga ya fahimci rabin zancen.

Wannan ƙwaron ƙarya, mu kira shi ƙudan fatsa, iri biyu ne manya. Akwai wanda ake so ya tsaya a kan fuskar ruwa, akwai wanda ake so ya jiƙe ya nutse, ya yi yawo a ƙarƙashi. Na biyun shi ne dattijo. Tun wajen shekara ta 200 miladiyya wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashi biyu da suka ciro daga ƙarƙashin haɓar zakara. A 1496 aka buga wani ɗan littafi a Ingila da ya jera ƙudaje 12 na watanni daban-daban, kuma a cikinsa an riga ana faɗin tsuntsun da za a ciro fiffiken kowane ƙuda daga jikinsa. Ƙudan saman ruwa bai kafu sosai ba sai a shekarun 1880.

Jela, jiki, da ɗan gashin wuyan kaza da ake naɗawa ya zama ƙafafu, duk ɗan koyo yana iya sarrafa su a mako guda. Fiffike ne ke raba yaro da babba. Dalilin kuwa yana cikin halittar gashin kansa.

Ka ɗauki dogon gashi ɗaya daga fiffiken agwagwa ka duba. Akwai kara a tsakiya, silla-silla sun fito dama da hagu. Ka ja su za su rabu, ka shafa su da yatsa biyu daga gindi zuwa baki za su sake mannewa kamar ba a taɓa raba su ba. Abin da ke faruwa shi ne kowane sili yana da ƙananan rassa da ido ba ya gani sosai, na gefe ɗaya masu ƙananan ƙugiyoyi, na ɗaya gefen masu kwari, suna sarƙewa kamar zif ɗin jaka. Wannan sarƙewar ce ke sa gashi ya tare iska tsuntsu ya tashi. Ita ce kuma jarin maɗauri, wato mai ɗaura ƙudan fatsa: zai yanko ɗan falle mai silla goma sha ko ashirin, ya ɗaure gindinsa da zare a kan ƙarfen da bai kai kaurin allura ba, yana fatan sauran fallen ya zauna a manne. Amma ba duk gashi ne ke da ƙarfin sarƙewa ɗaya ba. Na fiffiken agwagwa da dinya da talotalo yana riƙewa gam. Na kuiɓin agwagwa kuwa sakwa-sakwa ne, da ƙyar yake haɗuwa. Na ɗawisu ma ba ya haɗuwa ko kaɗan. Duk dabarun gargajiya na ɗaura fiffike, in ka bi su zuwa tushe, amsa ce ga tambaya ɗaya: wannan gashin da ke hannuna, yaya ƙarfin riƙonsa yake?

Dabarar da ta fi shahara ita ce ta falle biyu masu kama da juna. Ana nemo gashi biyu, ɗaya daga fiffiken dama na tsuntsu, ɗaya daga na hagu, kuma su kasance abokan juna: in na uku ne a jerin dama, to na uku a jerin hagu. Shi ya sa masu wannan sana'a suka fi son sayen fiffike cikakke, dama da hagu na tsuntsu ɗaya, maimakon gashi a warwatse cikin leda. Daga kowanne sai a yanko falle a daidai wuri ɗaya, faɗi ɗaya. Tsakiyar gashin ta fi kyau. Can wajen gindi ya cika laushi, can wajen baki kuma sillan sun yi kauri sun yi tauri, zare na taɓa su sai su tsage. A cikin gashin agwagwa, kusa da kara, akwai wani wuri mai sheƙi da tauri, gogaggen maɗauri ba ya bari zarensa ya sauka a nan. Faɗin fallen kan yi daidai da buɗin bakin ƙugiya ko ƙasa da haka kaɗan, wato milimita 4 zuwa 5 a ƙugiya mai lamba 12. Lambar ƙugiya dai juye take, gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya, kuma yawancin waɗannan ƙudaje tsakanin 10 da 14 suke.

Kowane falle yana da ɗan lanƙwasa, kamar cokali. A ƙudan nutso ana haɗa su ciki da ciki, kamar mutum ya haɗa tafin hannayensa, sai lanƙwasar ɗaya ta kashe ta ɗayan, su miƙe su zama kamar ruwan wuƙa a kan bayan ƙugiya. A ƙudan saman ruwa akan juya su baya da baya su buɗe kamar almakashi, don su tare iska ƙudan ya sauka a hankali. Wasu tsofaffin maɗaura na Amurka suna buɗe su har a ƙudan nutso, wai don fiffiken ya riƙa motsi idan ana jan zare, amma rufaffen ya fi yawa.

Kuskurena na farko a nan ya faru. Gashi ɗaya kawai na samu mai kyau, na ce ai agwagwa agwagwa ce, na yanko falle biyu daga jikinsa na haɗa. Na ɗaure, na ɗaga yatsa, sai ga fiffike ya karkace gefe guda kamar hular da iska ta ture. Na kwance na sake har sau huɗu ina zargin zare. Laifin ba na zare ba ne: dukansu biyun gefe ɗaya suke lanƙwasa, babu mai tare wani. Irin wannan ƙudan in an ja shi a ruwa juyi yake yi kamar katantanwa, ya murɗe maka siririn zaren da ke gaba, kifi kuma ya kalle shi ya wuce.

To, an haɗa falle biyu, bakinsu ya yi daidai. Saura ɗaurin, kuma nan ne ake yin ta.

Ƙugiya tana damƙe a ɗan ƙarfen da ke riƙe ta a kan tebur, idonta, wato ɗan zoben da ake zura zaren fatsa, na kallon dama ga mai aiki da hannun dama. An gama jiki, an naɗa gashin wuya, an bar ɗan wuri bayan ido, an shimfiɗa masa zare sumul. Wannan shimfiɗar ba a wasa da ita, domin in akwai tudu a wurin fiffiken zai miƙe tsaye, in akwai rami zai tsage. Sai ka riƙe fallayen da babban yatsa da manuniya na hannun hagu, ka auna su, bakinsu ya ɗan wuce lanƙwasar ƙugiya. Ka sauke su a kan ƙarfen, yatsun nan biyu su matse fiffike da ƙugiya gaba ɗaya. Da hannun dama ka ɗaga zare sama, ka cusa shi tsakanin babban yatsa da fallen da ke kusa da kai. Ka tsallaka da shi ta sama sako-sako, ya yi ɗan kumbo kamar baka, kada ya taɓa gashin tukuna. Ka sauke shi ta bayan, tsakanin manuniya da ɗaya fallen. Yanzu zaren yana maƙale a cikin matsin yatsunka ta gefe biyu. Ka ƙara matsewa, ka ja zaren ƙasa ɗoɗar, a hankali amma ba tare da tsayawa ba. Za ka ji shi a fatar yatsa, wani ɗan motsi kamar an danne tarin takardu: sillan suna kwanciya ɗaya a kan ɗaya. Kada ka ɗaga hannu. Ka sake yin haka sau biyu, kowane naɗi yana gaban na baya, wajen ido. Sannan ka buɗe yatsu ka ga abin da Allah Ya ba ka.

Me ya sa duk wannan wahala? Domin zare in an naɗa shi yadda aka saba, zagaye yake yi, kuma duk abin da ya tarar a kan ƙarfe sai ya tura shi gaba, ya mirgina shi zuwa can gefen. Matsin yatsu yana mayar da zagayen nan ya zama saukowa daga sama kai tsaye, ƙarfin zare ya danne fallen biyu daidai wa daida. Naɗin farko shi ne alƙali. In ya tafi daidai, sauran biyun tsaro ne kawai. In ya karkace, ko ka naɗa ashirin ba za su gyara ba, sai dai su kumbura wa ƙudan kai. Kuma naɗi ko ɗaya kada ya koma bayan na farko, yana komawa fiffike ya dare biyu. Daga nan a yanke gindin fallayen da almakashi mai tsini a karkace, a rufe da zare, a ƙulle, a ɗiga ɗan man sheƙi a kan ƙullin.

Abin mamaki, magabatan wannan sana'a a hannu suke yin duk wannan, babu ƙarfen riƙe ƙugiya. Yatsun hagu su ke riƙe ƙugiya, su ke riƙe gashi, zaren siliki kuma an goga masa kaki don ya kama duk inda aka ajiye shi. Kakin har launi yake canzawa. Shahararren ƙudan nan Greenwell's Glory, wanda James Wright na ƙauyen Sprouston a bakin kogin Tweed ya ɗaura wa wani limamin cocin Durham, William Greenwell, a 1854, jikinsa rawayan siliki ne da aka goga wa kakin dukawa har ya koma ruwan ganye mai duhu. Fiffikensa kuwa daga macen wani baƙin tsuntsu mai waƙa na lambunan Turai ake yankowa.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a kan ko tsinin fallen ya kalli sama ko ya kalli ƙasa. In tsinin yana ƙasa, fiffiken yana rungumar jiki, ya kwanta kamar na ƙwaron da ke naɗe fiffikensa a baya. In yana sama, ƙudan yana fitowa da ƙuruciya, kamar jirgin ruwa mai tanti. Maɗauran Amurka da suka taso da zanen ƙudajen nutso sama da 400 da ke cikin littafin Ray Bergman na 1938 sun yi ta muhawara a kan wanne ne na asali. Ni dai ban ga alamar kifi ya taɓa shiga wannan gardama ba.

Gashin da ba ya riƙewa kuma fa? A kafaɗar namijin agwagwar daji ta Turai akwai wasu 'yan gashi masu ruwan tagulla da ɗigo-ɗigo sirara, 'yan kaɗan a kowane gefe. A kuiɓin wata ƙaramar agwagwar kuma akwai gashi mai ratsin baƙi da fari kamar saƙi. Babu abin da ya kai su kyau a ruwa, babu kuma abin da ya kai su gardama a tebur. In ka yanko falle biyu sirara ka ce za ka haɗa su yadda ake yi da gashin fiffike, kafin zare ya sauka sun watse. Sai aka canza hanya. A ja sillan su miƙe daga jikin kara har bakinsu ya daidaita, a yanko falle ɗaya mai faɗin fiffike uku, a ninka shi kamar yadda ake ninke wasiƙa, gefe ɗaya ya shigo tsakiya, ɗayan ya rufe. Wasu naɗe shi suke yi kamar tabarma. Ninkin yana ba shi kauri, ko wasu silla sun rabu na ƙarƙashi za su rufa asiri. Akwai kuma sirri ƙarami: gashin tagullar nan wajen gindinsa, inda launin ya koma toka-toka, nan ne yake da laushi da riƙo, don haka a nan ake sauke zare ko da za a yi asarar tsawo. Da wannan hanya ake yin ƙudan da ake kira Mallard and Claret, wanda masu kamun kifi a tafkunan Sikotlan da Ailan ba sa rabuwa da shi, da kuma Peter Ross, mai sunan wani mai kanti a garin Killin da ya sauya wani tsohon ƙuda a shekarun 1890.

Mutanen kogin Clyde na Sikotlan sun kai ninkin nan wani mataki. Ruwansu garau ne, kifinsu ya sha ganin ƙugiya, masu kamun kuma yawancinsu ma'aikatan ma'adinai ne da masana'antu, ba masu kuɗin sayen gashi mai tsada ba. Ƙudansu siriri ne ƙwarai, jikin bai wuce rabin ƙarfen ƙugiya ba, fiffiken ɗan falle ne guda da aka ninke aka tsayar kusan a miƙe, wani lokaci a raba shi biyu da zare. In ka ajiye shi kusa da ƙudan kanti sai ka ce yunwa ta kama shi. Amma ƙwaron gaske ma haka yake, siriri, haske na ratsa shi.

Inda gashi ba ya haɗuwa sam, sai a bar batun falle a ɗaura ƙunshi. Alexandra, wanda aka sa wa sunan gimbiyar da ta auri magajin sarautar Ingila, fiffikensa tarin koren sillan ɗawisu ne masu walƙiya a kan jikin azurfa, kuma ɗan kifi yake kwaikwayo, ba ƙwaro ba. Daga baya gashin jelar kurege da na barewa suka shigo ta wannan ƙofa, suka kuma kusa cinye kasuwar, saboda ba sa tsagewa.

A ɗaya ƙarshen kuma akwai inda maɗauri ke wasa da sarƙewar gashi don nuna gwaninta. Tun da sili yana kama maƙwabcinsa, me zai hana a kawo masa maƙwabci daga wani tsuntsu? A yanko siririn fari, a yanko siririn ja, a jera su gefe da gefe, bakinsu daidai, a shafa daga gindi zuwa baki, sai su manne su zama falle ɗaya mai ratsi. Turawa aure suke kiran wannan, kuma sunan ya dace, domin yana da sharuɗɗa. Na dama sai da na dama, na hagu sai da na hagu. Gefen sama na ɗaya shi ke kama gefen ƙasa na ɗayan, in ka kifa ɗaya ba za su taɓa haɗuwa ba. Kuma taurinsu ya yi kusa, don in ka aurar da mai tauri ga mai laushi, a teburi za su zauna lafiya, zare na matsawa su rabu. Misali mafi sauƙi shi ne Parmachene Belle, wanda Henry P. Wells ya ƙirƙira a shekarun 1870 ya sa masa sunan wani tafki a jihar Maine ta Amurka: farin fiffike da jan ratsi a tsakiya, yana kwaikwayon ƙaramin fiffiken cikin kifin tirawut na can, wanda masu kamun kifi suka lura 'yan uwansa na kai wa cafka.

A ƙudajen kifin salmon na zamanin Sarauniya Victoria ne auren nan ya wuce gona da iri. Ƙudan Jock Scott, da aka ƙirƙira a tsakiyar ƙarni na 19, fiffikensa gini ne hawa-hawa: talotalo mai farin baki a ƙasa, a kansa auren rawaya da ja da shuɗi da wasu gashin tsuntsayen daji, a rufe da gashin tagulla kamar jinka, a manna wasu a kumatu. A maƙogwaronsa gashin zabo ne mai ɗigo-ɗigo, zabon nan dai namu na Afirka, a gindinsa kuma baƙin gashin jimina. Abin dariyar shi ne salmon idan ya baro teku ya shigo kogi don yin ƙwai ba ya cin abinci, ana zaton haushi ko tsohuwar ɗabi'a ce ke sa shi kai cafka. Wato tsuntsayen nahiya uku ko huɗu aka tara wa kifin da ke azumi. Wannan kwaɗayin gashi bai mutu ba: a 2009 wani ɗalibin kiɗa Ba'amurke ya fasa gidan adana kayan tarihin halittu da ke Tring a Ingila, ya kwashe fatun tsuntsaye 299, ya riƙa sayar da gashinsu ga masu ɗaura irin waɗannan ƙudaje, waɗanda yawancinsu ma ba za su taɓa ruwa ba, a gilashi ake kafe su.

Ba duk maɗauran salmon ne suka bi wannan hanyar ba. A Sikotlan, na kogin Spey falle biyu na gashin tagulla kawai suke kwantarwa a kan bayan ƙugiya, kamar an kife kwalekwale. Na kogin Dee kuma sirara biyu na talotalo suke buɗewa a kwance, su riƙa buɗewa da rufewa a cikin igiyar ruwa.

Akwai wata tsohuwar dabara da ta kusa ɓacewa. Kafin ƙugiya mai ido ta yaɗu a shekarun 1880, ɗaure ta ake yi kai tsaye a jikin gashin jelar doki ko wani zare mai kama da jijiya da ake samu daga tsutsar siliki. Ƙarfen sulɓi ne da shi, babu ido da zai tare, fiffike na iya zamewa ya fita. Sai masu ɗaura na sayarwa, musamman a Amurka, suka riƙa ɗaura fallen a juye, bakinsa na kallon gaba, sannan su lanƙwaso shi baya su sake dannewa. Kan ƙudan yana fitowa ƙato, amma sai dai gashin ya tsinke, ba dai ya zare ba.

Yanzu ga tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan aiki: kwalliyar tana biyan kuɗin sabulu? Tun 1857 W. C. Stewart, ɗan Sikotlan, ya ce ƙudajen kanti sun cika kauri, kuma ƙudan da ba shi da fiffike ko kaɗan, daga zare sai gashi mai laushi da aka naɗa sau ɗaya ko biyu, ya fi kama kifi. Mutanen Yorkshire ta arewacin Ingila, a kogunan Wharfe da Ure, sun daɗe a kan haka, T. E. Pritt ya tattara nasu a 1885. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Ƙwaron da ruwa ya ci ba ya tafiya da fiffike a gyare kamar ango, a cukurkuɗe yake, ƙafa da fiffike duk sun haɗe. Gashi mai laushi yana numfashi a ruwa, falle mai tauri kuwa sandararre ne. Daga 1910 kuma wani marubucin fatsa na Ingila, G. E. M. Skues, ya jawo hankali ga cewa abin da kifi ya fi ci a ƙarƙashin ruwa 'ya'yan ƙwari ne da ba su kai ga fitar da fiffike ba ma. Sannan duk mai kamun kifi ya san fiffiken falle ba ya wuce kifi biyu ko uku, haƙoran tirawut sun yayyaga shi, kuma sau da yawa bayan ya yayyage ne ƙudan ya fi ci.

Duk da haka ban yarda fiffike ado ne kawai ba. Akwai ƙwarin da macensu ke rarrafawa ta shiga ƙarƙashin ruwa da fiffikenta don ta manna ƙwai a jikin dutse, iska ta maƙale mata tana sheƙi. Wasu ƙudajen kuma, irin su Butcher mai jikin azurfa da shuɗin fiffike, ɗan kifi suke wakilta, fiffiken shi ne duhun bayansa. Mafi muhimmanci, a yadda ake kamun gargajiya, a wurga ƙuda uku a jere a tsallaken kogi a bar igiyar ruwa ta kewayo da su, ko a ja su a gaban kwalekwale a tafki irin Loch Leven ko Lough Corrib, ƙudan yana tafiya ne gaba da ruwa. A nan madaidaicin fiffike yana yi masa aikin da jela ke yi wa kibiya: ya hana shi juyi, ya tsayar da ƙugiya tsininta na ƙasa. Don haka abin da kifi ke bukata daga maɗauri shi ne daidaito da siranta. Sumul ɗin gefen fiffike da kyan tsininsa kuwa, wannan na mai saye ne, kuma ba laifi ba ne, mutum ya fi wurga ƙudan da ya yarda da shi.

Kayan aikin ma sun canza. Dokokin kare tsuntsayen daji na Birtaniya sun sa baƙin tsuntsun Greenwell ya fi ƙarfin maɗauri, sai a rina gashin wani a maye gurbinsa. Jan gashin da ake sa wa Butcher a jela, wanda a da daga wani jan tsuntsun Kudancin Amurka ake samo shi, yanzu farin gashin agwagwa ne da aka tsoma a rini. Yawancin ƙudajen da ke cikin kantunan Turai da Amurka ma ba a can ake ɗaura su ba. Kenya, inda Turawan mulkin mallaka suka zuba tirawut a kogunan tsaunuka a farkon ƙarni na 20, ta zama ɗaya daga cikin manyan masu fitar da su, ma'aikata na zaune a jere suna ɗaura dozin-dozin a wuni.

Wanda ke son gwadawa a nan gida ba sai ya yi odar komai ba. Fiffiken agwagwar da aka yanka, dama da hagu, a wanke da sabulu a shanya a inuwa, ya isa. Gashin da ya yamutse a kara shi a tururin buta na 'yan daƙiƙu, sillan za su koma mazauninsu. A fara da babbar ƙugiya, lamba 6 ko 8, a bar jiki da jela tukuna, a shimfiɗa zare kawai a ɗaura fiffike, a duba shi ta gaba a ga ko ya zauna a tsakiya, a kankare da reza a sake. Fiffike ɗaya na agwagwa yana da manyan gashi goma, kowanne zai ba da falle huɗu ko biyar masu kyau, wato gwaji wajen arba'in kafin a nemi wata agwagwar.